Birkin faifai a keken hawan dutse: yadda muka zaɓa wa ƙanina nasa a Jos

Keken dai gwanjo ne, irin waɗanda ake shigowa da su a kwantena, bodin alminiyam, taya inci 29, giya 3 gaba 8 baya, shokozoba a gaba kawai. Mai shi ƙanina ne, ɗan ƙanwar mamanmu, kuma mutum ne mai jiki, in ya hau sikeli yana taɓa kilo 95, in ka haɗa da keken da gorar ruwa da ƴar jakar baya to maganar 110 ake. A Jos yake zaune kuma ba don zuwa kasuwa ya sayi keken ba, shi abun da ke ransa wajen Lamingo ne da gindin duwatsun Shere da tsofaffin hanyoyin masu haƙar kuza na wajen Rayfield da Bukuru, wuraren da in ka hau sai ka sauko, saukowar kuma ita ce matsalar.

Ƙorafinsa guda uku ne ya kawo min. Na farko in ya kama birki a doguwar gangara sai ya matse da yatsu huɗu har hannunsa ya sage kafin ya kai ƙasa, na biyu kullum faifan baya na gogar wani abu yana shiii shiii ko bai taɓa birkin ba, na uku wanda shi ne ya tsorata shi, wata rana yana tsakiyar gangara yaji wari kaman na tirela in tana saukowa Hawan Kibo, hannun birkin na matse gam amma keken tafiyarsa yake. Yace min "Yaya ni fa na gama shawara, mai fistan huɗu zan saya gaba da baya, na gani a YouTube shi manya ke sawa." Nace to ba laifi amma bari mu fara duba keken tukun, don ba kowane birki ne ke hawa kowane keke ba.

Abun da muka tarar a jikin keken

Birkin da ya zo da shi na faifai ne amma na waya, wato kebur ne ke jan wani ɗan hannu a jikin kalifa, gidan nan da ke matse faifan, kuma irin mai arahar nan ne da ko suna babu a jikinsa. Yadda irinsa ke aiki, fad, wato takalmin birkin da ke kama faifan, ɗaya ne kawai ke motsi, na waje, shi zai tura faifan ya lanƙwasa shi har ya je ya taɓa ɗayan fad ɗin da ke tsaye a ciki. To in na cikin ya ci kuma ba a matso da shi ba, sai ya zama duk ƙarfin hannunka wajen lanƙwasa ƙarfe yake ƙarewa ba wajen tsaida taya ba. Nasa haka yake, na cikin yayi nisa, wani kuma can baya ya ɗaure kebur ɗin tamau don ya rufe matsalar shi yasa na wajen ke goga kullum. Rigar kebur ɗin ta yi tsatsa a ciki, in ka ja sai kaji gurus gurus.

Faifan duka biyu milimita 160 ne. Mun ari abun awo wajen wani mai walda muka auna kaurin na gaba, 1.4 ya nuna. Sabon faifan Shimano 1.8 yake zuwa kuma su da kansu suna rubutawa a jiki cewa in ya kai 1.5 a cire shi, na SRAM ma kusan haka ne, 1.85 sabo a cire a 1.55. Kenan ko wane birki za a saya, faifan gaba ya riga ya gama aiki. Na baya kuma ya canja kala, yayi shuɗi shuɗi da ruwan ƙasa, alamar ya sha zafi ba sau ɗaya ba.

Sai wajen ɗaurawa, nan ne mutane ke yin asarar kuɗi don basa dubawa kafin suyi oda. Fok ɗin gaba, wato ƙafafun da ke riƙe da tayar, irin da ake kira PM ne, ramuka biyu masu zare a ciki suna kallon baya, tsakaninsu milimita 74, kalifa na zama kai tsaye a kai da faifan 160. Bayan kuma tsohon yayi ne, IS, kunnuwa biyu da noti ke ratsawa ta gefe tsakaninsu 51, dole sai da adafta, amma Allah ya taimaka adaftar da ke kai tana da kyau. Faifan da kusoshi 6 aka ɗaure shi a cibiyar taya, irin masu kan tauraro da ake kwancewa da T25, ba Center Lock ba mai zobe ɗaya. Wannan kaɗai ya rage mana rabin abun da ke kasuwa, don in ka sayo faifan Center Lock bazai hau cibiya mai kusa 6 ba ko me zakai, akasin haka ne ke yiwuwa da adafta.

Abu biyu suka fi ba mu aiki. Hannun birkin da abun canja giya a haɗe suke cikin gida ɗaya, kaman yadda ake yi wa yawancin kekuna masu sauƙin kuɗi, ma'ana ranar da ka cire hannun birki ka cire giya. Sannan tayar gaba ba da ƙaton sanda mai zare take ɗaure ba, siririn sandan nan ne mai ɗan hannu da ake lanƙwasawa. Birkin faifai in ya kama yana ƙoƙarin fizgo tayar ƙasa ne daga bakin fok, saboda haka irin wannan ɗauri baya son a zuba masa faifai ƙato, kuma a takardar da ke liƙe a ƙafar fok ɗin an rubuta iyakarsa 180. Maganar ƙaton faifai mai milimita 203 ta mutu a nan.

A kan wannan ɗan hannun akwai abun da duk mai keken gwanjo ya kamata ya sani. A 2015 kamfanin Trek ya janye kekuna kusan miliyan 1 a Amurka da Kanada, daga baya a shekarar wasu kamfanoni da dama suka bi, dalili wasu daga cikin hannayen nan in suka buɗe suna wuce rabin zagaye su faɗa cikin faifan birki, tayar gaba ta tsaya cak mutum yayi sama. Kekunan da ke zuwa mana da yawa na wannan zamanin ne kuma ba wanda ya san ko an canja musu. Gwajin mai sauƙi ne, ka buɗe hannun har ƙarshe ka tura shi wajen faifan, in fensir bai iya shiga tsakaninsu ba to a canja sandan, ko aƙalla a juya shi hannun ya koma ɗaya gefen. Na ƙanina bai kai faifan ba amma duk da haka mun juya shi.

Me yasa birkin ya ɗauke masa a gangara

Lissafi ne kawai. Jos na kan tudu kimanin mita 1,200, ƙololuwar Shere kuma ta haura 1,800, ba wai yana kaiwa can saman da keke ba amma samun gangarar da za ta sauke ka mita 300 a wannan yankin ba wuya. Kilo 110 in ya sauko mita 300, ƙarfin da sai an kashe ya kai kilojul 320 da ɗoriya, wanda ya isa ya ɗauki lita ɗaya ta ruwan famfo ya kai ta tafasa. Iska da gogar taya suna cinye wani abu, amma in kana saukowa a hankali kana riƙe da birki to yawancinsa cikin faifai da fad yake shiga, faifan da gaba ɗaya nauyinsa bai kai giram 200 ba. Fad in yayi zafi ya wuce ƙima sai ƙaron da ya haɗa shi ya fara ƙonewa, fuskarsa tayi santsi, shi ne warin da yaji kuma shi yasa hannu na matse amma ba kamu. Shi kuma ɗabi'arsa tsoron birkin gaba yake, na baya yake ja tun daga sama har ƙasa ba sakewa, duk zafin a wuri ɗaya.

To daga nan na gane matsalarsa ba yawan fistan bace da farko, matsalar zafi ce da kuma birkin da ba a saita ba. Faifai mafi girma yana magance biyu lokaci ɗaya, daga 160 zuwa 180 kana samun ƙarin ƙarfi wajen kashi 12 cikin 100 don kalifar ta ƙara nisa da tsakiyar taya, ga kuma ƙarin ƙarfe da zai sha zafi ya watsar. Taya 29 ma da kanta tafi 26 buƙatar babban faifai, wanda ya sa 160 a gaban wannan keken tun farko kuɗi yake ragewa.

Hanyoyin da muka auna

Hanya ta farko a bar shi a na waya amma a sa mai kyau, kaman Avid BB7, wanda ya daɗe ana yabonsa, kamfanin yanzu ƙarƙashin SRAM yake tun 2004. Shi ma fad ɗaya ke motsi amma yana da jajayen maɓallai biyu da kake murzawa da hannu ka saita kowane gefe, ko TRP Spyke wanda shi duka biyun ke motsi. Amfanin wannan hanya babba ne ga mai keke irin nasa, bazaka taɓa hannun birki da giya ba, kuma in waya ta tsinke a ƙauye duk mai facin keke zai iya sa maka wata. Sai dai a kula, BB7 kala biyu ne, na keken tsere da na keken dutse, jan wayarsu ba ɗaya ba. Abun da ya kashe wannan hanyar a wajenmu fad ne, mun zaga shagunan keke ba wanda ke da irin nasa, ko ganinsa basu taɓa yi ba, kenan duk sanda ya ƙare sai oda daga waje. Ga damina, Jos na samun ruwa wajen milimita 1,400 a shekara, Yuli da Agusta kusan kullum ne, rigar kebur ta baya mai tsawon nan sai ta sha ruwa da yashi ta koma yadda muka same ta. Kuma kuɗin BB7 na asali bai gaza na ƙaramin haidrolik, wato birki mai aiki da mai, ba, wani lokacin ma ya fi.

Akwai wasu da ake tallatawa da yawa a intanet, waya ce ke zuwa daga hannu amma kalifar na da ɗan mai a cikinta. Ƙanina ya so su don arha kuma basa buƙatar canja giya. Ni dai ban yarda ba, man ɗan kaɗan ne kuma yana zaune ne daidai inda zafin yake, masu arahar cikinsu ma babu wurin da mai zai faɗaɗa in ya ɗumama, ga mai kilo 95 a doguwar gangara wannan ba inda za a gwada sa'a bane.

Hanya ta biyu haidrolik cikakke, daga hannu har kalifa mai ne a cikin tiyo. Fistan na fitowa ta gefe biyu, yana matso da kansa in fad na ci, ba ruwansa da tsatsar waya. Nan tambayar ta koma wane mai. Shimano da Tektro da Magura man minaral suke amfani da shi, Hope da Hayes da yawancin SRAM da Avid da zaka tarar a kan kekunan gwanjo kuma DOT ne, irin na mota, duk da SRAM ɗin ma sun fara komawa minaral a sababbinsu irin su DB8 da Maven. A takarda DOT kaman yafi dacewa da mu, ka shiga Dilimi kowane shagon kayan mota zaka samu DOT 4, kuma sabonsa sai ya wuce digiri 230 yake tafasa, 5.1 kuma 260. Amma yana shan ruwa daga iska, a hankali wurin tafasarsa na sauka shi yasa ake so a canja shi duk shekara, yana cin fenti, cire masa iska kuma sai da sirinji biyu masu bakin da ya dace wanda ba kowa ke da su ba. Sannan akwai tarko, DOT 5 daban yake da 5.1, na silikon ne, baya shiga. Na Shimano kuwa mazurari ɗaya ne da sirinji, man baya shan ruwa, ƙaramar kwalba za ta yi maka shekaru in ka rufe ta.

Haɗarin man minaral a garinmu mutane ne. Ka kai keke wajen bakanike kace birki yayi laushi, abun da ke gabansa zai ɗauko, man birkin mota, ya ɗura maka da zuciya ɗaya yana ganin taimakonka yai. Robobin cikin birkin minaral basa jure DOT, kumbura suke su lalace, haka na DOT basa jure minaral, kuma ba a gyarawa da wankewa. Na gaya wa ƙanina in har wannan za mu saya to da kwalbar mansa za a sayo tare, kuma ba mai buɗe masa sai mutum ɗaya.

Mutum ɗayan kuwa wani dattijo ne mai gyaran keke da muka daɗe da shi, tun zamanin Raleigh da Phoenix yake sana'ar amma baya jin kunyar koyon sabon abu. Shi ya ba da shawarar da ta yanke maganar. Nace "Baba, tsakanin mai fistan huɗu da mai biyu wanne ka gani?" Bai amsa ba, ya jawo wata gwangwanin madara cike da fad ya zazzage a kan benci yace "Malam duba nan, wanne ne yafi yawa?" Kusan duka kala ɗaya ne, mai faɗin nan da Shimano ke kira B01S, wanda daga baya ya koma B03S da B05S, siffa ɗaya ce, kuma Tektro da yawa da birkunan Chana marasa suna duk ita suke kwaikwaya. Yace "wannan ko Bauchi ka je ko Kaduna zaka samu, wancan dogon na mai huɗu sai ka jira mota daga Legas."

Birkin da ke cin wannan fad ɗin shi ne Shimano MT200, wanda ke can ƙasan jerinsu, fistan biyu, dogon hannun ƙarfe, ba wani ado. Mai huɗun da ƙanina ke so, MT420 ko Deore M6120, ba ƙarya yafi ƙarfi kuma fad ɗinsa yafi tsawo yana ɗaukar zafi, ana samun na ƙarfe ma. Amma da muka haɗa lissafi, shi da faifan da ya dace da shi, kuɗin ya ninka na MT200 wajen sau uku, ya kusa rabin abun da aka sayi keken gaba ɗaya, a kan fok ɗin da iyakarsa 180 da tayoyin da suka fara sulɓi. Birki komai ƙarfinsa a taya yake ƙarewa, in tayar bata riƙe ƙasa to kulle ta kawai zai yi ka zame. Ƙanina yace "Yaya ai araha bata ado", nace gaskiya ne amma ragowar kuɗin sabuwar tayar gaba za su saya maka da abun canja giya, wanda dole ne ko wanne ka ɗauka.

Abun da aka saya

MT200 gaba da baya, faifan RT56 mai kusa 6, 180 a gaba 160 a baya, adaftar PM mai ƙara 20 ta gaba da dogayen notinta, abun canja giya daban na 3 da 8 irin Altus M315, kwalbar man Shimano mai kalar ja ja ɗin nan, mazurari, fad na ajiya biyu, da ƴan zobban tagulla da bakin tiyo na BH59. Akwai ST-EF505 wanda shi haidrolik ne haɗe da giya a gida ɗaya, zai yi kyau a ido, amma mun guje shi don in ɗaya ya lalace biyu ka rasa, abun da muke gudu kenan tun farko.

Zaɓen faifan ba da ka akai ba. Shimano na da masu faɗin fuska da masu siririyar fuska, fad ɗin B mai faɗi ne, saboda haka RT26 ko RT56 ne nasa, in ka sa masa RT66 gefen fad ɗin zai riƙa sauka kan ƙafafun faifan. Su kuma masu faɗin an rubuta a jikinsu cewa fad ɗin rezin, wato mai taushin da aka haɗa da ƙaro, kawai suke ɗauka, ƙarfensu bai da taurin da zai jure fad na ƙarfe. Wannan ita ce asarar da muka yarda da ita ido buɗe, rezin shiru ne kuma yana kamawa tun da sanyi amma taɓo da yashi na cinye shi da wuri kuma bai kai na ƙarfe jure zafi ba.

Wajen oda akwai abu biyu da muka tsaya a kai. Tsawon tiyo, don firam ɗinsa babba ne kuma kan keken na da faɗi, wasu masu sayarwa tiyon bayansu milimita 1,400 ne ko ƙasa da haka, mun auna da igiya muka ga bazai kai ba in ya juya kai har ƙarshe, sai muka nemi mai 1,700 aka yanke, tiyo dai ana rage shi ba a ƙara shi. Sai gefen hannu. Keken ya zo da birkin gaba a hagu, yadda ake yi a Amurka da yawancin Turai, a Ingila kuma dama ne gaba. Ƙanina mashin yake hawa kullum zuwa aiki, a mashin kuwa hannun dama shi ne birkin gaba, kuma ina zargin rabin tsoron da yake wa birkin gaba daga nan yake, hannunsa ya saba da abu ɗaya keken na yin wani. Hannayen Shimano basa juyuwa kaman na SRAM da yawa, dole tiyon za a musanya, tunda za a yanka dama sai akai aiki ɗaya da sabbin zobba.

Maganar jabu kuma tana nan, ana kwaikwayon fad da faifai har da birkin gaba ɗaya. Abun da mukai kawai mun guji duk wanda farashinsa yayi ƙasa da na kowa da nisa, muka sa mai shagon ya turo hoton kayan a hannunsa ba na talla ba.

Ɗaurawa bata ɗauki lokaci ba. Baba ya sassauta notin kalifa, ya matse hannun birki, ya ɗaure su a hankali ɗaya bayan ɗaya yana leƙa haske tsakanin fad da faifai, kusoshin faifan kuma ya bi su a tsallake ba a jere ba. Abun da na ƙara masa shi ne matsar da hannayen can ciki, nesa da robar riƙo, don hannun MT200 dogo ne an yi shi don yatsu biyu ko uku, in ka matsar da shi sai yatsan nuni ya sauka daidai kan ƙugiyar ƙarshe inda ƙarfi yafi yawa, sauran yatsun su riƙe kan keke. Daga nan muka fita kwalta mai ɗan gangara don gasa fad ɗin, ya ɗau gudu matsakaici ya ja birki ɗaya da ƙarfi har ya kusa tsayawa ya sake, kaman sau 20 kowane gefe, ba tsayawa cak ba. Farkon ja ya juyo yana harara ta wai wannan ai bai fi tsohon ba, wajen na 10 kuma ya fara dariya. Sabon fad sai ya shafa wa faifai jikinsa kafin ya fara kamu na gaskiya, wanda ya tsallake wannan shi ke dawowa yace an sayar masa da jabu.

Yadda abun ya kasance bayan nan

Ciwon hannu ya tafi, wannan tun fitar farko. Gogar baya ma ta tafi. Zafi kuma bai tafi duka ba, a gangarar nan da ta tsorata shi ya sake jin ɗan wari daga baya, da na bi shi na gani har yanzu ja yake baya sakewa. Abun da ya gyara shi ba a shago yake ba, ya koyi ja da ƙarfi kafin kwana da birki biyu, gaba yafi yawa, ya koma da nauyinsa baya kaɗan, ya sake gaba ɗaya inda hanya ta miƙe don iska ta bugi faifan. Tunda gaban ya koma dama abun ya zo masa da sauƙi fiye da yadda na zata.

Da hunturu ba matsala sai ƙura da ke sa ɗan ƙara da safe, ja biyu uku ta wuce. Damina ce ta nuna raunin zaɓin namu, jar ƙasar nan da yashin tsofaffin ramukan kuza in suka haɗu da ruwa samfefa suke zama, fad ɗin baya bai ga ƙarshen Agusta ba, ya sauko ƙasa da rabin milimita inda ake cewa a cire. Da na ƙarfe ne da ya fi haka daɗewa ba musu. Amma ranar da ya ƙare ranar aka sa wani daga ajiya, washegari ya sayo madadinsa a cikin gari, keken bai kwana a jingine ba.

Matsala ɗaya da ta taso wadda ba ta birkin bace, ya kai keken wanki wani yaro ya fesa wa sarƙa baƙin mai da hannu sake har ya fantsama kan faifan baya. Ihu birkin ya riƙa yi kuma ba kamu. Fad in ya sha mai ya tafi, wasu na ƙona shi a wuta ko su goga a samfefa, yana dawowa na kwana biyu ne ya koma. An wanke faifan da sifirit na kemis da tsumma mai tsabta, an zubar da fad ɗin, an sake gasawa. Yanzu shi ke sa wa sarƙarsa mai da kansa, ɗigo ɗigo, daga ɗaya gefen.

Hannun gaba ya ɗan yi laushi bayan an kwantar da keken a bayan mota zuwa Pankshin, ƴar iska ce da ta rage tun yankan tiyo ta taso. Baba ya ɗaura mazurari a sama, ya zuba mai kaɗan, ya riƙa ɗanɗana hannun yana ƙwanƙwasa tiyo da bayan sukundireba har kumfa ta daina fitowa, ko minti 10 ba a yi ba, kalifar ma ba a taɓa ba.

Har yanzu bai haƙura da mai fistan huɗu ba, kuma yanzu da ya fara bin masu gudu a gangara na daina musa masa, a gaba kawai. Kalifar MT420 na iya aiki da hannun da yake da shi amma sai an canja faifan zuwa mai siririyar fuska irin RT66 in yana son fad na ƙarfe, kuma zai koma ajiye fad kala biyu, ɗaya na cikin gari ɗaya na oda. Na ce masa ya fara tara kuɗin fok tukun, mai ƙaton sanda na milimita 15, wanda kuma zai ja masa sabuwar cibiyar tayar gaba, yace zai duba bayan sallah.